Me ke jawo kamfanonin maganin dabbobi su taru a yanki guda?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni dila ne na magungunan dabbobi da na kaji. Kusan duk kwalbar da ke shagona daga waje take zuwa, ko China ko Indiya ko Turai, alhali mu ne masu shanun. Na ji an ce akwai wani yanki a Amurka da kamfanonin maganin dabbobi suka yi dandazo saboda gwamnatin wurin ta yafe musu haraji. Shin gaskiya ne? In haka ne, me ya hana gwamnoninmu su yafe haraji, mu ma kamfanonin su zo mana?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka biyu ce a dunƙule: ko yafe haraji ne ya tara kamfanonin can, da kuma ko dabarar za ta ci a nan. Yankin da ka ji labari yana nan, kuma rangwamen haraji ma akwai shi. Sai dai wanda ya ba ka labarin ya fara ne daga ƙarshe. Kamfanonin sun yi shekaru masu yawa suna taruwa a wurin kafin a ƙirƙiro yawancin rangwamen da ake magana a kai, kuma a cikin duk abin da gwamnatocin yankin suka kashe wa kuɗi, rangwamen ne ya fi jawo musu da-na-sani.

Asalin taron

Yankin yana tsakiyar Amurka. Ya tashi daga garin Manhattan na jihar Kansas (ba Manhattan ta New York ba) ya dire a garin Kolumbiya na jihar Misuri, tafiyar kusan kilomita 400 a kan babbar hanya guda. A kowane ƙarshe akwai jami'a mai tsangayar likitancin dabbobi: Jami'ar Jihar Kansas a yamma, Jami'ar Misuri a gabas. A tsakiya kuma birnin Kansas ne, wanda iyakar jihohin biyu ta ratsa ta cikinsa. Ka riƙe maganar iyakar nan, za mu dawo kanta.

Kara ce ta fara tara su. A 1871 aka buɗe babbar kasuwar dabbobi ta birnin Kansas a bakin layin dogo, ta bunƙasa har ta zama ba ta biyu sai ta Shikago, mayankai suka kewaye ta. A farkon ƙarni na 20 wata annoba da ake kira kwalarar aladu tana ta karkashe aladun manoma, sai masu binciken gwamnati suka gano cewa ruwan jinin aladen da ya sha cutar ya tsira yana ba wani alade kariya. Yin wannan magani yana cin aladu masu yawa: a sayo su, a ƙara musu ƙwayar cutar, a ɗebi jininsu, a tace. Duk mai son shiga sana'ar dole ya kafa kusa da inda aladun suke da araha, wato bakin kara. Haka ƙananan kamfanoni suka yi ta tsirowa a birnin Kansas da St. Joseph da ke arewa da shi. Da 'yan damfara suka cika kasuwa da jabun ruwan jini, majalisar ƙasar ta yi doka a 1913 wadda ta wajabta lasisi da duba masana'anta. Dokar ta kori na banza, ta bar masu inganci suka girma. Ɗaya daga cikinsu, Anchor Serum na St. Joseph, shi ne bayan sauye-sauyen hannu ya koma mallakar Boehringer Ingelheim na Jamus a 1981.

An rufe karar a 1991, amma kamfanonin ba su tashi ba, domin abin da ke riƙe da su ya riga ya sauya. Yanzu mutane ne: wanda ya iya renon ƙwayar cuta a tanki, wanda ya san yadda ake rubuta takardun neman rajistar magani, makanikin injin cika kwalba, lauyan da ya ƙware a harkar, dilan da ya san likitocin dabbobi na jihohi goma. Kamfani in ya zo, ba sai ya koyar da kowa daga farko ba, ma'aikatan maƙwabcinsa zai zawarta. Ma'aikaci kuma ba ya tsoron karɓar aiki a garin, don in wannan kamfani ya rufe akwai wani a tsallaken titi.

Abin da aka yi a 2006

Sai a 2006 ƙungiyoyi uku na birnin, wato hukumar jawo jari ta yankin, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da cibiyar bunƙasa binciken kimiyyar rayuwa, suka haɗa kai da shugabannin kamfanoni suka raɗa wa yankin suna Kansas City Animal Health Corridor, wato zirin lafiyar dabbobi na birnin Kansas, suka buɗe ofishi guda mai kula da shi. Kafin nan sun sa an ƙirga abin da ke ƙasa, aka tarar kamfanonin da ke wurin suna riƙe da kimanin sulusin cinikin maganin dabbobi na duniya, ba tare da mutanen garin kansu sun ankara ba. A 2009 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin amincewa da sunan.

Aikin ofishin ba mai tsada ba ne. Kamfanin waje in ya nuna sha'awa, mutum ɗaya ke riƙe hannunsa: ya nuna masa filaye da gine-gine a jihohin biyu, ya haɗa shi da jami'a, ya kai shi wurin shugabannin kamfanonin da suka riga shi zuwa, su faɗa masa gaskiyar zaman wurin. Duk shekara suna taron da ƙananan kamfanoni masu sabon magani ko na'ura ke tsayawa gaban masu jari su baje kolinsu. Suna kuma zama da kwalejoji su tsara kwasa-kwasan watanni na ma'aikatan masana'anta, domin masana'antar rigakafi ta fi buƙatar masu difloma da suka iya tsafta da awo da cika takarda a kan masu digirin digirgir.

A yau suna cewa akwai kamfanoni sama da 300 a yankin, kuma suna da kashi 56 cikin ɗari na cinikin duniya. Wannan adadi na biyu a karanta shi da hankali. Lissafin ya haɗa da abincin karnuka da kyanwoyi da kayan gwajin cuta, kuma ana ƙirga duk cinikin kamfani na duniya ne muddin yana da reshe a yankin. Zoetis, wanda ya fi kowa girma a sana'ar, hedikwatarsa tana New Jersey, ta Elanco kuma tana Indiyana. Abin da ba a gardama a kai shi ne masana'antu da ofisoshin da ke ƙasa: Hill's mai abincin dabbobin gida da ya girma a Topeka, Ceva na Faransa a Lenexa, Merck a De Soto, Boehringer a St. Joseph.

Inda babban kuɗin gwamnati ya tafi

Tallafi mafi girma da jihar Kansas ta bayar a wannan sana'a bai shiga aljihun kowane kamfani ba. Gwamnatin tarayya ta so ta maye gurbin tsohuwar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke tsibirin Plum a New York, jihohi suka yi takara, a farkon 2009 aka zaɓi Manhattan. Ginin, wanda ake kira NBAF, ya ci dala biliyan 1.25. Jihar Kansas ta sa miliyan 307, garin Manhattan ya sa miliyan 5, tarayya ta biya sauran. An gina shi ne don a iya aiki da cututtuka mafiya haɗari a jikin manyan dabbobi kamar shanu da aladu, abin da babu kamfanin da zai gina wa kansa. Sai a watan Mayun 2023 aka yanke kyallen buɗe shi. Shekara 14 ke nan, kuma a tsakanin nan gwamnoni biyar daga jam'iyyu biyu suka hau kujerar Kansas, babu wanda ya ce aikin na wanda ya gada ne don haka ya watsar.

Akwai wani ƙaramin misali da ya fi burge ni. A 2008 mutanen gundumar Johnson suka kaɗa ƙuri'a suka ƙara wa kansu harajin sayayya, kashi ɗaya bisa takwas na sisin dala a kowace dala, don a gina cibiyoyin karatu da bincike. Da wani kaso na kuɗin aka gina reshen Jami'ar Jihar Kansas a Olathe, aka buɗe a 2011, a tsakiyar unguwannin kamfanonin, inda ma'aikaci zai tashi aiki da yamma ya shiga aji. Ba duk abin da suka gwada ne ya yi kyau ba. Hukumar zuba jari a kimiyyar rayuwa da jihar ta kafa a 2004 ta taimaka wajen cin takarar NBAF, amma rigimar yadda ake kashe kuɗinta da rikicin siyasa suka cinye ta, zuwa 2016 aka yanke shawarar sayar da kadarorinta.

Rangwamen harajin kansa

Iri uku ne suka fi yawa. Na farko, a bar wa kamfani harajin albashin sababbin ma'aikatan da ya ɗauka. Shirin Kansas mai suna PEAK yana barin kamfani ya riƙe kashi 95 cikin ɗari na wannan haraji, har zuwa shekara goma ga manyan ayyuka, da sharaɗin albashin ya kai matsakaicin na gundumar. Misuri tana da kwatankwacinsa. Na biyu, ragin harajin riba gwargwadon jarin da aka zuba a gini da injuna, wanda a Kansas yake kashi 10 cikin ɗari na abin da ya haura wani ƙayyadadden adadi, tare da yafe harajin sayen kayan gini. Na uku, ƙaramar hukuma ta ɗage harajin kadara na wasu shekaru, a Kansas bai wuce goma ba.

Mu buga lissafi na misali. Kamfani ya ɗauki mutum 100, kowa na karɓar dala 60,000 a shekara, jimla miliyan 6. In harajin jiha ya kama kashi 5, dala 300,000 ke nan, kamfani ya riƙe 285,000. A shekara goma bai kai miliyan 3 ba. Ka ajiye wannan kusa da faɗaɗa masana'antar da Merck ya sanar a De Soto a 2025, ta dala miliyan 895. Wanda zai binne irin wannan kuɗi a ƙasa ba miliyan 3 ce za ta zaɓa masa gari ba. Rangwame gyara ne, irin wanda mai awo ke ƙara maka bayan an gama ciniki: yana faranta rai, wani lokaci ya sa ka zaɓi wannan rumfa a kan ta kusa da ita, amma ba shi ya kawo ka kasuwar ba. Masanin tattalin arziki Timothy Bartik ya tattara binciken da aka yi a Amurka, ya nuna cewa rangwame yana sauya shawarar kamfani ne a tsakanin kashi 2 zuwa 25 cikin ɗari na lokuta. Sauran, da an ba su da ba a ba su ba, nan za su kafa.

To ga maganar iyaka. Tun da birnin rabi Kansas rabi Misuri ne, kamfani yana iya kwashe ofishinsa ya matsa kilomita kaɗan ya tsallaka titi, jihar da ya shiga ta ƙirga ma'aikatansa a matsayin sababbin ayyuka ta ba shi rangwame. Ma'aikatan ko gida ba su sauya ba. In shekarun suka ƙare, ɗaya jihar ta yi masa tayi ya komo. Ba kamfanonin dabbobi kaɗai ba, har na silima da na gidajen abinci sun ci wannan garaɓasa. Wata gidauniya ta birnin ta ƙirga cewa jihohin biyu sun yi asarar sama da dala miliyan 300 a wannan ja-in-ja, kuma bayan an cire na nan daga na can, ribar ba ta wuce ayyuka dubu ɗaya da 'yan kai da suka karkata Kansas ba. A watan Agustan 2019 gwamna Laura Kelly ta Kansas da gwamna Mike Parson na Misuri suka yi sulhu, aka daina biyan mai tsallaka titi.

Wani darasin kuma daga St. Joseph yake. Da Boehringer ya karɓi kamfanin Merial a 2017, sai ya mayar da hedikwatarsa ta Amurka jihar Jojiya. Masana'antar rigakafin kuwa tana nan. Haka tsohuwar masana'antar Bayer da ke Shawnee: Elanco ya saye sashen dabbobi na Bayer a 2020, daga baya ya sayar da masana'antar ga wani kamfani, aka ci gaba da aiki a cikinta. Dalili shi ne lasisin yin magani a ɗaure yake da ginin da injunan da ke ciki. In ka tashi, sai ka sake tabbatar wa hukuma ingancin komai, aikin shekaru. Ofishi kuwa a wata guda ake kwashe shi. Duk gwamnatin da za ta ba da tallafi, ta ba mai kafa inji, ba mai kafa allon suna ba.

Mu dawo gida

Alaƙarmu da wannan yanki ta fi yadda mutane suka sani. Malaman Jami'ar Jihar Kansas ne suka taimaka aka kafa tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, da kuɗin hukumar USAID. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato kuma, wadda aka kafa a 1924, da ruwan jini ta fara ita ma, na yaƙi da bushiya, cutar da aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Har yau Vom tana yin rigakafin ciwon huhu, da saifa, da harbin daji, da annobar awaki da tumaki ta PPR, da na kaji irin su Newcastle da Gumboro. A Shika akwai cibiyar binciken kiwo, a Kaduna akwai ta sammore, a Vom akwai kwalejin ma'aikatan lafiyar dabbobi, ga tsangayoyi a Sakkwato da Maiduguri da Jos. Daga Kano ta Zariya zuwa Vom nisan ya yi kusa da na Manhattan zuwa Kolumbiya. Kara kuwa, ga Potiskum, Maigatari, Mubi, Illela, Wudil. Abin da Kansas ta tara a shekara ɗari, muna da rabinsa a warwatse. Bambancin shi ne a can ilimin ya fita daga ɗakin gwamnati ya zama kamfanoni, a nan ya tsaya a cibiya.

Kwatancen yana da iyaka, kuma gara a faɗe ta. Babban kason kuɗin sana'ar a Amurka daga masu karnuka da kyanwoyi yake fitowa, mutanen da ke biyan magani mai tsada wata-wata. Mai sayenmu makiyayi ne da ke taya kwalba a ranar kasuwa, da mai gonar kaji da tsadar masara ta riga ta matse, da gwamnati mai rigakafin shekara-shekara. Ribar kwalba ƙarama ce, sai an sayar da yawa. Saboda haka manyan kamfanonin duniya ba za su kawo sashen bincikensu Zariya don an yafe musu haraji ba. Wanda ake iya jawowa shi ne matsakaicin kamfanin Indiya ko Masar ko Turkiyya da ke sayar mana da kaya tun tuni, da kamfanonin gida da ke Legas da Ogun da Ibadan, da dila irinka da ya gaji da jiran kwantena.

Sannan gwamna ba shi da ikon yafe harajin da ka ke nufi. Harajin ribar kamfani da kuɗin kwastan na tarayya ne. Hutun haraji na shekara uku da ake iya ƙara wa biyu, wanda a da hukumar jawo jari ta ƙasa, NIPC, take bayarwa ga sababbin masana'antu, shi ma na tarayya ne, kuma dokar haraji ta 2025 ta maye gurbinsa da ragi gwargwadon jarin da aka zuba. Rajistar magani ta NAFDAC ce. Abin da ke hannun jiha shi ne fili da takardar mallakarsa, kuɗin ƙasa, harajin albashi, tarkacen kuɗaɗen da jiha da ƙananan hukumomi ke karɓa, hanya, ruwa, tsaro, sannan tun dokar lantarki ta 2023 jiha tana iya tsara kasuwar wutarta. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da mai masana'anta ke kuka da shi. Hutun harajin riba ba ya amfanar kamfanin da bai fara cin riba ba, kuma sabuwar masana'antar magani takan yi shekaru kafin ta ga riba.

Abin da masana'antar ke ci

Sana'ar hawa-hawa ce, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga sama. Matakin ƙasa ɗakin ajiya ne mai sanyi da motocin rarrabawa. Sama da shi, haɗa sinadaran abincin kaji, da dutsen lasa, da maganin wanke keji. Sai maganin sha da na gari da ƙwayoyin tsutsa irin albendazole. Sai allurai irin oxytetracycline mai kashi 20 da ivermectin mai kashi 1, waɗanda ke buƙatar ɗaki marar ƙura ko ƙwayar cuta, da tataccen ruwa na musamman, da tukunyar turara kwalabe. Rigakafi ne a ƙololuwa. Jihar da ba ta da matakin farko da na biyu, in ta sanar da masana'antar rigakafi, gini za ta samu.

Wuta ce gaba da komai. Injin da ke daskarar da rigakafi ya busar da shi yana yin kwana ɗaya zuwa uku a kunne ba tsayawa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, janareta kuma ya yi jinkirin kamawa, garin da ke cikin kwalaben zai narke ya manne, dubban kwalabe sun tashi aiki, kuma ba a gyara su. Ɗakin allura yana buƙatar iska mai tacewa dare da rana. In ta tsaya, sai an sake wanke ɗakin an gwada shi kafin a koma aiki. Ɗakin sanyi dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, wasu rigakafin kuma sai a 20 ƙasa da sifili. Jihar da ta ware fili guda ta kai masa layin wuta na musamman, da sola da batir da janareta na haɗin gwiwa, da rijiyar burtsatse da wurin tace gurɓataccen ruwa, ta ba da abin da ya fi kowane rangwame. Kamfanoni biyar su raba kuɗin taransifoma ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya ya fi kowa ya sayi nasa.

Ɗakin gwajin nan yana da muhimmanci. Kowane rukunin magani sai an auna ƙarfinsa, a kuma ajiye samfurinsa a zafi da laima iri-iri a ga tsawon rayuwarsa, kuma na'urorin suna da tsada ga ƙaramin kamfani. In jiha ta saya wa jami'a su, da yarjejeniyar cewa za a yi wa kamfanoni gwaji a kan farashi sananne cikin kwanaki ƙayyadaddu, ta rage wa kowa jari. Inda abin ke lalacewa shi ne a sayi na'ura ba a ware kuɗin sinadaranta da gyaranta ba, ko yajin aiki ya rufe ɗakin wata shida da samfurin mutane a ciki. Dole ɗakin ya kasance da asusunsa da ma'aikatansa daban. Rigakafi kuma, in ana son sayar da shi ga shirye-shiryen ƙasa da ƙasa, sai cibiyar PANVAC ta Tarayyar Afirka da ke Bishoftu a Habasha ta tabbatar da ingancinsa.

Kayan haɗi kusan duk daga waje suke: sinadarin maganin daga China da Indiya, kwalaben allura da murafunsu, har ƙwai na musamman marasa cuta da ake renon rigakafin kaji a ciki. Daga tashar Legas zuwa Kano tafiyar kwanaki ce a mota, da shingaye. A nan tashoshin kwantena na tudu na Kaduna da na Dala a Kano suke da amfani, in ana kammala aikin kwastan a can. Akwai kuma lissafin da duk mai niyya zai fara yi: in kuɗin shigo da gamammen magani bai kai na shigo da sinadari da kwalba da kwali ba, mai haɗawa a gida ya faɗi tun bai fara ba. Wannan gyaran Abuja ne, kuma irin maganar da gwamnoni za su kai wa ma'aikatar bunƙasa kiwo da aka kafa a 2024 ke nan, da murya ɗaya.

Kasuwa

Kai ka fi ni sanin jabu. Kwalba biyu masu lakabi iri ɗaya, ɗaya cikakkiya, ɗaya an rage mata ƙarfi ana sayar da ita rabin kuɗi a kan tabarma cikin rana. Makiyayi ya yi wa saniya, ba ta warke ba, ya ƙara, ƙwayar cutar ta saba da maganin, daga nan har na kirkin ya daina ci. Babu mai hankalin da zai gina masana'anta don ya yi gasa da wannan. Ka tuna dokar 1913 ce ta raya kamfanonin Kansas. Jihar da ta tura likitocinta tare da NAFDAC da majalisar likitocin dabbobi suna ɗibar samfuri a kasuwannin kara, suna bayyana sakamako a rediyo da Hausa da Fulatanci, ta yi wa masu jari kiran da ya fi talla a jarida.

Gwamnati kuma babbar mai saye ce. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR, ga shirin bunƙasa kiwo na L-PRES na dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022. In jihohi uku ko huɗu suka haɗu suka rubuta cewa za su sayi adadi kaza duk shekara, na shekara biyar, daga duk wanda ya cika sharaɗin inganci, kamfani zai iya kai takardar banki ya ci bashi da ita. Amma sai an ajiye kuɗin a asusun da sauyin gwamnati ba ya taɓawa, don bashin gwamnati da ba a biya ba ya durƙusar da 'yan kasuwa da yawa. A kuma sa girman kwalba cikin sharaɗin. Rigakafin kaji mai ɗaukar 500 ko 1,000 ba shi da amfani ga matar da ke da kaji goma sha biyar, tun da in an jiƙa shi sa'a ɗaya zuwa biyu yake yi ya mutu. Mai yin ƙaramar kwalba, ko rigakafin Newcastle irin I-2 mai jure zafi, yana da kasuwar da na waje ba su damu da ita ba. Ƙetare iyaka ma kasuwa ce, sai dai akwai masu yi a can, LABOCEL a Yamai da LANAVET a Garwa ta Kamaru, kuma ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, masu kuɗin sefa a Yammacin Afirka, suna da rajistar maganin dabbobi guda tun 2006, wadda lambar NAFDAC ba ta maye gurbinta.

In za a ba da rangwame

Wani lokaci ba makawa, musamman in kamfani ya tsaya tsakanin jihohi biyu da komai nasu ya yi daidai. To a biya bayan aiki, ba kafinsa ba: kamfani ya ɗauki ma'aikata, ya biya harajin albashinsu, a ƙarshen shekara a duba takardun banki da na fansho a mayar masa da kason da aka yi alkawari. Fili a ba da shi haya mai tsawo, da sharaɗin in ba a kafa inji cikin shekara biyu ba ya koma hannun jiha, in ba haka ba za a wayi gari an katange shi ana jiran ya yi tsada. A fayyace abin da ake nufi da masana'anta, domin akwai mai shigo da gamammen magani a durom ya ɗura a kwalba ya manna takarda ya ce ya haɗa a gida. Wannan ma mataki ne, amma ladansa ba ɗaya ba ne da na mai haɗawa daga sinadari, kuma a rubuta shekarar da zai hau mataki na gaba. A sa wa rangwamen ranar ƙarewa, a rubuta cewa wanda ya tashi kafin wa'adi zai dawo da abin da ya karɓa, a kuma buɗe shi ga kowa da ƙa'ida ɗaya, har da na gida da ya shekara ashirin yana biyan haraji ba wanda ya yanka masa kyalle. Kano da Kaduna da Filato da Jigawa kuma su yi nasu sulhun tun kafin faɗan ya fara, su rubuta cewa babu wadda za ta biya kamfani don ya taso daga Bukuru ya koma Chikun, ko daga Sharaɗa ya koma Maigatari.